Ga mai lissafi da ya sauka Yamai

Ɗan uwa da ya baro Sakkwato, Kano ko Zariya da takardun digirinsa na lissafi, ya biyo ta Illela da Ƙonni, ya wuce Dogon Dutsi da Doso har mota ta sauke shi a Yamai, barka da hanya. Ke ma 'yar uwa, har da ke nake. Maganar tawa ta waɗanda suka zo neman ƙarin karatu ko koyarwa ce a tofoloji na aljabara (nazarin siffofi da kayan aikin aljabara) da jometiri, fannin da masu shi ba su da yawa ko a manyan ƙasashe, balle a nan. Abin da nake so ka riƙe tun kafin ka kwance kaya shi ne, Faransancin nan da kake ɗari-ɗari da shi, shi ne babbar ribar zuwanka. Zan dawo kansa, amma sai an samu wurin kwana ake buɗe littafi.

Fara da takardu. Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS ko CEDEAO, a Janairun 2025, don haka kada ka dogara da labarin wanda ya zo shekarun baya. Je ofishin jakadancin ƙasarku ka yi rajista, ka tambayi abin da ake nema yau game da izinin zama. Takardun makaranta kuwa a fassara su zuwa Faransanci wurin mai fassarar da hukuma ta amince da shi, ka yi kwafi da yawa, ka tanadi ƙananan hotuna. Tsarin karatu a nan shekara 3 ne na lisans, 2 na masta, 3 na dakta, kuma maki a kan 20 ake ba da shi. Wanda ya samu 14 ya yi ƙoƙari sosai, kada ranka ya ɓaci.

Kuɗi ma sai ka sake koyon ƙirga su. Mai shayi zai miƙo maka kofi ya ce dala ashirin, kai kuma ka tsaya kana laluben kwabon da aka rubuta 20 a kai. Ba za ka same shi ba, sefa 100 yake nufi, domin dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ɗari ita ce 500, jaka ɗaya kuma 1000. Hausa za ta kai ka ko'ina a kasuwa, tun daga Katako har Wadata, kuma tun 2025 ita ce harshen ƙasa a hukumance. Duk da haka Yamai gari ne na Zabarmawa, kuma wanda ya iya cewa "fofo" ya tambayi lafiyar gida da harshensu, maƙwabta ba sa manta shi.

Jami'ar Abdou Moumouni tana hayin kogi, a Harobanda. In da hali nemi ɗaki a wannan gefen, ko a Lamorde ko Karaje, don gadar Kennedy tana cika da safe, kuma a Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. Kafin ka biya haya tambayi maƙwabta yadda ruwa da wuta suke a layin. An kafa jami'ar a 1971, aka sa mata sunan da take ɗauke da shi a 1992. Abdou Moumouni Dioffo haifaffen Tasawa ne, masanin fiziya da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana, ya rasu a 1991. Sashen lissafi yana cikin tsangayar kimiyya da fasaha, wadda kowa ke kira FAST.

Ranar da za ka shiga sashen, kada ka fara da buƙata. Gaida sakatare da kyau, nemi ganin shugaban sashe, faɗi sunan malaminka na gida da abin da ka rubuta a kai, ka roƙi izinin zama a darasi ko a taron ƙara wa juna sani. Ƙofar da ta fi saurin buɗe wa baƙo ita ce ta awannin aikin gwaji, waɗanda ɗalibai ke kira te-de. Malami ya gama darasi, sai a raba ɗalibai rukuni-rukuni da takardar tambayoyi, a fito da ɗaya gaban allo da alli a hannu, yana rubutu yana bayani, 'yan ajin suna kama masa kuskure daga kujerunsu. In aka ba ka irin wannan aji karɓa, ko kuɗin awa ba shi da yawa. A nan bakinka zai saba da yadda ake buɗe hujja da yadda ake rufe ta da Faransanci, kuma ɗalibai za su gyara maka furuci ba tare da sun raina ka ba.

To, ga dalilin da ya sa nake nanata harshen. Henri Poincaré ne ya aza harsashin tofoloji na aljabara a 1895, da Faransanci. Jean Leray ya faɗa hannun sojan Jamus a 1940, ya zauna a sansanin fursunonin yaƙi a Ostiriya har 1945. Gwani ne a lissafin motsin ruwa da iska, amma ya ɓoye wannan don kada a sa shi aikin yaƙi, ya ce shi mai tofoloji ne, ya kuma duƙufa a kansa da gaske. Daga wannan zaman ne kayan aiki biyu suka fito waɗanda yau babu mai binciken homoloji (hanyar ƙirga ramukan siffa da aljabara) da zai yi nisa ba tare da su ba, wato faisceaux (sheaves a Ingilishi, hanyar haɗa bayanan ƙananan sassan fili su ba da na filin gaba ɗaya) da jerin nan na matakai da ake bi shafi bayan shafi a lissafa homolojin fili mai sarƙaƙiya. Jean-Pierre Serre ya ɗauki na biyun a kundin digirinsa na 1951 ya buɗe ƙofar lissafin rukunonin homotofi na ƙwallo, ya karɓi lambar Fields, babbar lambar yabo ta lissafi, a 1954 yana ɗan shekara 27. Sannan Alexander Grothendieck da Jean Dieudonné suka sake gina jometiri na aljabara daga tushe a jerin rubuce-rubucen da suka fito tsakanin 1960 da 1967. Waɗannan na ƙarshe, da takardun taron Henri Cartan da na Bourbaki, suna nan kyauta a Numdam, rumbun intanet na rubuce-rubucen lissafi na Faransa. Abokan karatunka da ka baro gida sai dai su ji labarinsu daga bakin wani, kai kuwa bayan wata shida na te-de za ka iya zama ka karanta su da kanka, domin Faransancin lissafi kalmominsa kaɗan ne, su ne suke ta maimaituwa.

Kai ma ba hannu rabbana ka zo ba. Mafi yawan mujallun yau da Ingilishi suke bugawa, kuma akwai ɗalibin dakta a nan da ya gama hujjarsa tsaf amma gabatarwar takardar ta tsaya masa a wuya. Gyara masa Ingilishi, ya bi maka Faransanci. Ban san hanyar samun abokin bincike da ta fi wannan sauri ba.

Labarin sabon bincike a arXiv yake, rumbun da aka buɗe tun 1991, inda Grigori Perelman ya saka hujjarsa ta hasashen Poincaré a 2002 da 2003. Yi rajista a riƙa turo maka jerin sababbin takardu na sassan math.AT, math.AG da math.GT, wato na tofoloji da jometiri, kowace ranar aiki. Ba sai ka karanta duka ba, bin kanun kaɗai zai nuna maka inda hankalin mutane ya karkata. Littafin Allen Hatcher na tofoloji na aljabara yana shafinsa na jami'ar Cornell kyauta, Stacks Project na jometiri ma haka, kuma tun 2021 zbMATH, rumbun da ke lissafa takardu da mujallun lissafi, ba a biyan ko dala a duba shi. Duk abin da ka samu sauke shi a kwamfuta da waya lokacin da intanet ke da ƙarfi, ka caja komai tun da dare. Ranar da wuta ta ɗauke da tsakar rana za ka gode wa kanka.

Guraben aiki da tallafi sai ka bi su da kalanda. MathJobs, na ƙungiyar masana lissafi ta Amurka, yana cika da tallan aiki daga Oktoba zuwa Disamba. Ga wanda bai kai dakta ba, cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da karatun difloma na shekara guda da tallafi, AIMS kuma, cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka, tana da rassa a Senegal, Gana, Kamaru, Ruwanda da Afirka ta Kudu. Wadda na fi so ka sa wa ido ita ce CIMPA, cibiyar lissafi ta ƙasa da ƙasa da ke Nis a Faransa tun 1978. Tana shirya makarantun bincike na kimanin mako biyu a ƙasashe masu tasowa, tana taimaka wa matasa da kuɗin hanya, kuma a irin wannan zama ne mutum kan haɗu da wanda zai duba masa kundi. Cibiyar IMSP ta Dangbo a Benin ma ta daɗe da suna a jometiri. 'Yan uwa mata su duba tallafin OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, su tabbatar ƙasarsu tana cikin jerin shekarar.

Wanda ke nufin zama ya yi aiki a jami'a dole ya san CAMES, majalisar da aka yanke shawarar kafawa a nan Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu. Ita ke duba takardun malamai kafin ƙarin girma, daga mataimakin malami har farfesa, kuma tana duban inda aka buga kowace takarda. Saboda haka ina roƙonka, kada gaggawa ta kai ka ga mujallar da za ta turo maka saƙo tana alkawarin bugawa cikin mako biyu in ka biya. Kuɗinka zai tafi, aikin da ka sha wahalarsa ya ƙone, sunanka kuma ya ɓaci a wurin waɗanda za su karanta fayil ɗinka. Kafin ka aika, duba ko zbMATH yana lissafa mujallar. Afrika Matematika, ta ƙungiyar masana lissafi ta Afirka, sananniya ce, kuma takarda ɗaya mai nauyi ta fi biyar marasa tushe.

In aiki ya kai ka Tawa, Maraɗi ko Damagaram, inda aka buɗe jami'o'i a 2010, Hausa za ta ɗauke maka rabin wahala, sai dai abokan fanni sun fi ƙaranci. Can da nan magani ɗaya ne. Nemi mutum biyu ko uku, ko ɗaliban masta ne, ku tsayar da rana guda a mako bayan la'asar, ku samu aji da babu kowa, ku ɗauki babin farko na Hatcher, kowa ya zo da tambaya biyu da ya warware. Rubuta abin da kuka yi kowane zama, domin shi za ka nuna wa malamin da za ka roƙa wasiƙar shaida. Wasiƙar kuma roƙe ta wata biyu kafin ranar rufe karɓa, ka haɗa masa da tallan da taƙaitaccen tarihin karatunka.