Yadda muka gyara rufin da guguwa ta yaye

Guguwar ba ta daɗe ba, amma ta ɗage kwano tare da katakonsa ɗungurungum. Wannan shi ne alamar cewa matsalar ba ta kwanon ba ce, ɗaurin katako da bango ne ya yi rauni. An aza katako a kan bulo kawai, babu abin da ya riƙe shi.

Da farko mun yanke wutar gidan, domin wayoyi sun zube. Sai muka fasa layin bulo biyu na sama, muka dasa langa-langa a cikin siminti, tazarar mita ɗaya tsakani, muka naɗe ta a jikin kowane rafta, wato katakon da ke ɗauke da rufin, da ƙusa huɗu. Katakon da gara ta ci mun sauya shi, sabon kuma mun shafa masa baƙin mai.

Iska daga baki take shiga ta ɗaga rufi, shi ya sa muka rage fitar bakin kwano zuwa santimita 45. A gefuna da kusurwoyi mun buga ƙusa mai hula a kowane tudun kwano, a tsakiya kuwa tudu ɗaya bayan ɗaya. Kada a buga a kwari, yoyo zai biyo. Kwanon da ramin ƙusarsa ya yage, a ajiye shi don shinge.