Fara da MCM na arkiya kafin ka taɓa na ɗan Adam

Duk ɗalibin da ya zo mini yana son sanin yadda ƙwayar halittar mutum ke kwafar DNA ɗinta, wurin arkiya nake fara tura shi, wato wasu ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya da suka bambanta da bakteriya. A jikinmu, injin da ke warware igiyar DNA, wato MCM, furotin shida ne mabambanta, Mcm2 zuwa Mcm7, kuma sai sun haɗu duka. A Sulfolobus solfataricus, wata arkiya da aka samo a maɓuɓɓugar ruwan zafi kusa da birnin Naples na Italiya, furotin ɗaya ne ke maimaita kansa sau shida ya yi zobe. Ƙwayar gado ɗaya ta ishe ka.

Saka ta cikin bakteriyar E. coli ta sarrafa maka furotin ɗin. Bayan ka farfasa ƙwayoyin, ɗora ruwan a zafin digiri 70 na kamar minti 20. Nan ne daɗin aikin yake. Za ka ga ruwan ya yi fari ya guda kamar farin ƙwai a tukunya, domin furotin ɗin E. coli sun dahu, naka kuwa ko gezau, tunda Sulfolobus a wajen digiri 80 take rayuwa. Wulwula a inji, zubar da gudajin, ka tace ruwan saman.

Sai gwajin warwarewa. Haɗa gajeriyar DNA mai baki biyu a buɗe, ka zuba ATP, wato makamashin da MCM ke aiki da shi, da magnesiyam. MCM na kama igiya ɗaya ne, yana tafiya daga ƙarshen igiyar da ake kira 3' zuwa wanda ake kira 5'. Don Allah kada ka manta da kwalbar da babu furotin a cikinta, domin zafi kaɗai na iya raba gajeriyar DNA, ka ɗauka aikin MCM ne.

In wannan ya zauna, ƙara GINS, furotin da ke aiki tare da MCM, ka ga ko aikin zai ƙaru, daga baya ka koma kan Orc1/Cdc6, masu gane wurin da kwafa ke farawa. Sulfolobus tana da irin wuraren nan uku, abin da aka nuna a 2004.

Amma ka san iyakarta. Arkiya ba ta da Cdt1, furotin da ke taimakawa wajen ɗora MCM namu kan DNA, ba ta kuma da DDK da CDK masu ba MCM namu izinin fara aiki. Abin da ka gano kan siffar zoben da tafiyarsa zai yi maka jagora. Tambayar lokaci da izini kuwa, kai ta wurin yisti, wanda ke da su kamar mu.