An Ce Kana da Ciwon Hanta Nau'in B: Abin Yi Kafin Ya Kai ga Kansar Hanta

Aikina a ɗakin gwajin jini ne, kuma yawancin waɗanda nake miƙa wa sakamakon ciwon hanta nau'in B ba rashin lafiya ce ta kawo su ba. Wani ya zo ba da jini ne don matarsa tana kan gwiwa, wani gwajin aure ya kawo shi, musamman tun da Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Mutum garau, ya hau babur ɗinsa ya zo da kansa. Abin da yake fara cewa shi ne, "Amma ni ban taɓa yin ciwon shawara ba." Gaskiya ya faɗa. Wannan ƙwayar cuta kamar gara take a cikin azara: tana iya shekara ashirin ko talatin tana cin hanta, waje kuwa lafiya lau. A hankali hantar ke tauri ta tsuke, daga nan kansa, wato ciwon daji, ta samu wurin tsirowa. Nau'in B ma yana iya haddasa kansa tun hanta ba ta tsuke ba, kuma a ƙasashenmu sau da yawa magidanta 'yan shekara talatin da wani abu zuwa arba'in da wani abu take kamawa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da nau'in B.

Waɗannan shekarun da hanta ke shiru su ne damarka, don haka kada ka ninke takardar ka jefa a aljihun babbar riga.

Gwajin da aka yi maka, HBsAg, ya nuna ƙwayar tana jikinka ne kawai, bai faɗi ɓarnar da ta yi ba. Ka kai wa likita, in da hali likitan hanta a asibitin koyarwa ko na ƙwararru. Zai sa a yi gwajin jini na ALT don ganin ko hanta na kumburi, a ƙirga yawan ƙwayar a jini, a ɗauki hoton ciki, a duba ƙanjamau da nau'in C. Idan bayan wata 6 gwajin bai canza ba, cutar ta zauna ke nan. Gwajin ƙirga ƙwayar yana da tsada, na sani, na ga masu juya takardar suna lissafi a zuci. Ka gaya wa likita ƙarfin aljihunka, akwai hanyar kimanta lafiyar hanta da gwaje-gwaje masu sauƙin kuɗi.

Ba kowa ake ɗorawa kan magani ba. Wanda ya cancanta ana ba shi tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya kullum. Ba ya kawar da cutar, amma yana danne ta, ya rage haɗarin kansa sosai. Roƙona ɗaya: in ka fara, kada ka ajiye don ka ji daɗin jikinka ko kuɗi sun yanke, sai da sanin likita, domin ƙwayar na iya tasowa da ƙarfi ta jigata hanta. Nau'in C shi ana warkewa, ƙwayoyi na mako 12 suna warkar da fiye da 95 cikin 100. Sai dai wanda hantarsa ta riga ta tsuke zai ci gaba da zuwa dubawa ko bayan ya warke.

Dubawar nan ita mutane suka fi sakaci da ita, ita ce kuma ta fi damuna. Idan likita ya ce kana cikin masu haɗari, hoton hanta duk wata 6, wani lokaci haɗe da gwajin jini na AFP. Ƙarin da aka gano yana ƙarami ana iya yanke shi ko a ƙona shi. Wanda ya jira sai ciki ya kumbura da ruwa, ido ya yi ɗorawa, jiki ya zube, galibi ya zo a makare. In akwai wanda kansar hanta ta kashe a danginku, ka faɗa tun zuwan farko.

Sai abincinka. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna suna ɗauke da guba mai suna afalatoksin, kuma idan ta haɗu da nau'in B haɗarin kansa yana ninkuwa sau da yawa. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. A shanya amfanin gona ya bushe ƙayau, a ɗora buhu kan katako ba a dandaryar ƙasa ba, a tsince ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yamutse a zubar. Gyaɗar da ta yi ɗaci a baki, tofar. Ƙuli-ƙuli da tunkuza a saya inda aka san gyaɗar da aka yi su da ita. Giya a bar ta gaba ɗaya. Jiƙe-jiƙen da ake talla a mota da lasifika wai suna wanke hanta, hantar ce dai za ta sha wahalar tace su.

A gida, kada a ware maka kwano. Cin abinci tare, musabaha da gumi ba sa yaɗa cutar. Jini ne, da saduwar aure, da haihuwa. Uwargida, amarya, yara da 'yan uwan da kuka fito ciki ɗaya duk a gwada su, wanda ba shi da ita a yi masa allurar rigakafi sau 3 cikin wata 6. Ka riƙe askarka da abin yanke farce da buroshinka kai kaɗai. In za a kira wanzami don aski, kaciya ko ƙaho, a tabbatar da sabuwar reza ga kowane mutum.

Ke kuma mai juna biyu, ki nemi gwajin nan a wurin awo. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, kusan 9 cikin 10 cutar zama take yi a jikinsu har girma, alhali babban da ya kamu yawanci jikinsa na kore ta. Allurar rigakafi ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi wa jariri, ba ranar suna ba. Ko a gida kika haihu, a ɗauki jaririn a kai shi asibiti ranar, sannan a cika sauran a mako 6, 10 da 14. In ƙwayar ta yi yawa a jininki, likita zai ba ki tenofovir kafin haihuwa. Nono kuwa ki ba shi, babu laifi.