Yadda ake zaɓen matashin soso mai gangara don ƙwannafi da ciwon baya

A azumin da ya wuce ƙwannafi ya hana ni barci. Ni tela ne a garin Garwa na ƙasar Kamaru, kuma duk wanda ya san ɗinkin salla ya san yadda muke rayuwa a watan: a wuni a kan keke, a sha ruwa da kunun gyaɗa da ƙosai, a koma shago har dare ya raba, a yi sahur da tuwo da miya mai yaji, a bi da shayi mai kauri, a yi asuba a kwanta. Da na sa haƙarƙarina a katifa sai wani ruwa mai tsami ya taso daga ciki, ya bi ƙirji yana ƙuna har maƙogwaro. Wata rana tari ne ya tashe ni, na wayi gari murya a dishe.

Likitan da na gani ya yi mini bayanin da ya zauna mini a kai. Ya ce a inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka kamar zobe, aikinta ta rufe bayan abinci ya wuce. Idan ta saki, ruwan da ke narkar da abinci sai ya komo sama. In mutum yana tsaye ruwan yana zaune a ƙasa, amma in ya kwanta a miƙe ya zama kamar kwalba mai sakakken murfi da aka kwantar. Ya rubuta mini maganin omeprazole na wasu makonni, ya ce kuma in ɗaga saman jikina da santimita 15 zuwa 20 lokacin barci.

Da na koma gida sai na jera filo uku. Kada ka yi haka. Filo kai da wuya kawai yake ɗagawa, ƙirji yana nan a ƙasa, mutum ya lanƙwashe, cikin ya ƙara matsuwa. Kwana huɗu na yi a haka, ƙwannafin bai tafi ba, ga ciwon wuya ya ƙaru, ko zare ban iya sunkuyawa in zura da daɗi. Abin da ake so shi ne jiki ya tashi a hankali tun daga ƙugu har kai, kamar hawan tudu marar tsini. Shi ne amfanin matashi mai gangara: soso guda, gefe ɗaya mai kauri, ɗayan ya sirance har ya ƙare.

Kafin ka je kasuwa ka auna jikinka, don a nan yawancin mutane ke yin asarar kuɗinsu. Ka zauna a tabarma ka miƙe baya, wani ya ɗauki tef ya auna daga ƙugunka zuwa tsakar kanka, wannan shi ne tsawon da kake bukata. Nawa ya kama santimita 75. Waɗanda ake kawowa a leda daga waje da yawansu gajeru ne, suna ƙarewa a tsakiyar baya, sai gefen ya tokare ka a gadon baya, ka kwana kana zamewa. Idan kaurin ya yi yawa tsawon kuma ya gaza, gangarar ta yi tsini, kafin asuba za ka tsinci kanka a ƙasan katifa. Kauri 18 zuwa 20 a kan tsawo 70 zuwa 80 shi ne na ga ana iya barci a kai. Faɗin kuma kada ya gaza 65, don in ka juya kafaɗarka ta samu wurin zama.

Ni ban sayi na leda ba. Wajen masu katifa na je a babbar kasuwa, wurin wani dattijo da nake sayen soson kujeru a hannunsa. Na gaishe shi na faɗa masa abin da nake so, ya dube ni ya ce, "Malam tela, mai laushi kake so ko mai riƙe mutum?" Na ce, "Baba, ku zaɓa mini, ku kuka san kayanku." Ya jawo guda biyu ya shimfiɗa a ƙasa, ya ce in sa gwiwar hannu in danna da nauyina. Na farkon na ji siminti ta cikinsa nan take. Na biyun ya lotsa kaɗan ya tsaya, da na ɗaga hannu ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Shi na ɗauka. Yatsa ba ya gwada soso, kowane soso mai kyau ne a ƙarƙashin yatsa, rabin jikinka ne zai kwana a kai.

Za ka ji masu katifa suna cewa dansite 18, dansite 28, dansite 33. Lambar tana nufin kilo nawa soson yake yi idan aka yanko shi mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya kauri. Ba ita ce ke nuna tauri kai tsaye ba, amma ita ke nuna ko zai jure ko zai kwanta bayan 'yan watanni. Don wannan aikin ka nemi 28 zuwa sama. Kuma tunda lamba a baki kowa yana iya faɗa, sikeli ya fi shaida: dunƙulen soso mai tsawo 75, faɗi 65, kauri 18, idan da gaske dansite 30 ne, zai haura kilo biyu da rabi kaɗan. In ka ga kilo ɗaya da rabi, soson kusan 18 aka ba ka. Akwai kuma wani soso na zamani mai ɗaukar siffar jiki, yana da daɗin taɓawa, amma yana riƙe zafi. A garin da watan Maris da Afrilu zafi ke wuce digiri 40, ga wuta tana ɗaukewa fanka ta tsaya, ba zan ba kowa shawarar sa ba.

Dunƙulen nan idan aka yanka shi a karkace, daga kusurwar sama ta gefe ɗaya zuwa kusurwar ƙasa ta ɗaya gefen, matashi biyu yake bayarwa iri ɗaya. Saboda haka ka nemi wanda za ku raba kuɗin. Ka tsaya a yi yankan a gabanka, a ja layi a gefuna biyu kafin a sa wuƙa, don in yankan ya yi tudu da kwari bayanka zai ji shi. Kada ka yarda a haɗa maka guntaye da gam, wurin haɗin yana tauri kuma warin yana daɗewa. Ko sabon soso ma ka bar shi kwana biyu a inuwa ya sha iska. Rana tana sa shi ya yi ja ya riƙa marmashewa.

Riga kuwa aikina ne, don haka zan faɗa da ƙarfi: yadin auduga, mai zif a gefe mai kauri, guda biyu don in ɗaya yana wanki ɗaya yana aiki. Yadi mai santsi zai zamar da kai, na roba zai jiƙa ka da gumi. Soson kansa ba a jiƙa shi, in ruwa ya shige shi ba ya bushewa da wuri.

Wajen kwanciya, bakin sirantaccen gefen ya zo daidai ƙugu, ka ɗora filo ɗaya siriri don wuya. Mai ƙwannafi ya kwanta ta gefen hagu, don a haka tumbi yana komawa ƙasa da bakin hanyar abinci. Na san da yawanmu mun saba da kwanciya ta dama saboda sunna. Ni ina farawa da dama in yi addu'ata, daga baya in juya. Idan kana zamewa, naɗe zane ka sa a ƙarƙashin gwiwoyi. Daren farko da na biyu za ka ji baƙunta, ni sai da na yi mako kafin jikina ya saba. Matashin kuma ba zai yi aikin shi kaɗai ba: a bar awa biyu zuwa uku tsakanin abinci da kwanciya, a rage maiko da yaji da shayin dare da taba. Bayan sahur yanzu zama nake yi in yi karatu ko in datse zare har gari ya waye.

Ciwon baya dabam ne, kuma a nan mutane ke juya abin. Wanda ƙugunsa ke ciwo in ya kwanta rigingine, sau da yawa ƙarƙashin gwiwoyi ya kamata ya sa matashin, mai kaurin a bayan gwiwa, don ƙasan baya ya saki ya kwanta a katifa. Mai kwanciya ta gefe ƙaramin filo tsakanin gwiwoyi ya ishe shi. Kuma a kula da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da ake saya a tebur, suna cin ciki, mai ƙwannafi da ya sha su don baya zai iya tayar da wata cutar.

Akwai abin da ba na matashi ba ne. Idan abinci yana tsaya maka a ƙirji, ko kana aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko kana ramewa ba dalili, ko ciwon ƙirjin yana tafiya hannu da haɓa tare da gumi, asibiti za ka nufa a ranar. Haka ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari. Jariri kuma ba a kwantar da shi a gangara ko da yana tumbuɗi, kansa zai iya faɗowa gaba ya toshe numfashi. Shi rigingine ake kwantar da shi, a shimfiɗa miƙaƙƙiya mai ƙarfi.

Ɗaya rabin soson na ɗinka masa riga na kai wa mahaifiyata, don ita ma tana fama da abin tun da daɗewa, tana jiƙa kanwa tana sha. Ta yi kwana uku ta ce, "Ɗan nan, ƙirjin ya lafa, amma ƙuguna ba ya son lanƙwasar nan." Sai na cire matashin, na sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gadonta biyu na wajen kai, tsayin santimita 15, na gwada da hannu na ga ba ya girgiza. Gadon gaba ɗaya ya karkata, bayanta yana miƙe. Matashin kuma ta mai da shi abin jingina, da shi take zama a tabarma bayan magariba tana jan carbi.