Yadda za a hana direba mai maye fita da mota daga tasha

Mafi yawan aikin hana haɗarin da buguwa ke jawowa a cikin tasha ake yin sa, kafin a gama lodi, domin da zarar mota ta hau titi, ran fasinja ya koma hannun wanda ke riƙe da sitiyari. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, don haka jinkirin da giya ke sa wa ƙafar direba kafin ya taka birki ya isa ya kai shi ƙarƙashin tirela.

Shugabannin tasha da 'yan kamasho su fara da raba masu sayar da barasa da wurin lodi, musamman 'yan ƙananan ledoji da kwalaben da ake sakawa a aljihu, da jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da sunan maganin basir ko ciwon baya alhali da ogogoro, wato barasa mai ƙarfi da ake haɗawa a gida, aka jiƙa su. A garuruwan da aka haramta giya ma ba a tsira ba, domin tramadol da wiwi da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018, su ma suna dusashe hankalin direba. Ya kamata kowace tasha ta naɗa mutum guda da zai tsaya gab da direba ya yi magana da shi kafin a ba shi lodi, yana lura da warin bakinsa, da jan ido, da nauyin harshe, da yadda yake taka ƙasa. Inda hali ya yi, a nemi jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, su riƙa zuwa da na'urar gwajin numfashi ba tare da sanarwa ba, musamman daga Satumba zuwa Disamba da lokutan sallah. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ita ce giram 0.05 na barasa a kowace desilita (mililita 100) ta jini, sai dai haɗarin yana fara ƙaruwa tun kafin a kai nan, kuma ga mai ɗaukar fasinja ni ban ga dalilin barin ko kurɓi ɗaya ba.

Idan aka samu direba ya sha, kada a yarda da cewa goro ko shayi mai kauri ko watsa ruwan sanyi zai wartsake shi. Hanta ce ke tace barasa daga jini, a hankali take yi, kuma wanda ya raba dare yana sha zai iya wayar gari da sauranta a jikinsa. A karɓi makullin a ba na bayansa a layi, a kuma yi hakan a gefe, domin wanda aka kunyata a gaban jama'a gardama zai tsaya yi.

Fasinjan da ya ga alamar maye bayan an kama hanya kada ya ja musu da direba mota na gudu. Ya haɗa baki da na kusa da shi su nemi a tsaya a gari ko shingen jami'an tsaro mafi kusa, su sauka, su rubuta lambar motar, sannan su kira 122, layin gaggawa na FRSC wanda ba a biyan kuɗin kiransa.