Burodi mai zabibi: a rage sukarin kwaɓi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu gasa burodi mai zabibi a gida, ga 'yar shawara.

Zabibi busasshen inabi ne, kuma bushewar nan ce ke tattara zaƙinsa wuri guda. A giram 100 akwai sukari wajen giram 60, da kalori kusan 300. To in kin zuba cikin hannu biyu a kwaɓi, rage sukarin da kika saba sawa, ko da rabi ne. Wallahi yara ba za su gane ba.

Zabibi yana da amfaninsa: akwai fotasiyam, da ɗan sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, da harza mai sauƙaƙa bayan gida. Sai dai farar fulawa ce ta fi yawa a burodin, shi ya sa yunwa ke saurin dawowa. Ki haɗa ta da garin alkama, sannan a ci da dafaffen ƙwai ko gyaɗa.

Ki jiƙa zabibin a ruwan ɗumi minti 10, ki tsane shi kafin kwaɓi, don kada na saman ya ƙone ya yi ɗaci.

Mai ciwon suga kuwa ya ci burodin kaɗan kawai. Yara kuma su goge baki bayan sun ci, zabibi na maƙalewa a haƙori.