Yadda ake shirin jarrabawar jami'a a Yamai ba tare da yaudarar kai ba

Duk wanda ya taɓa ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda da dare, a makonnin da ke gab da jarrabawa, ya ga yadda ɗalibai ke cika ƙarƙashin fitilun titi, kowa riƙe da kayensa, wato littafin rubutunsa, yana kai da komo, leɓe na motsi, wasu kuma sun kewaye allo da alli a hannu. Ƙoƙari kam akwai shi. Amma na daɗe ina kallon ƙannena da ke shiga shekarar farko a Jami'ar Abdou Moumouni suna shan wannan wahala, sannan sakamako ya fito da maki 7 ko 8 bisa 20, kuma kusan kullum rami ɗaya ne suke faɗawa, ramin da ni ma na taɓa faɗawa. Ba zan tsaya kan zancen halartar darasi da rubuta abin da malami ya faɗa ba, domin wanda ya ci bakaloriya ya riga ya san wannan.

Aiki na farko lissafi ne, kuma ana yin sa makonni shida kafin ranar jarrabawa. A tsarin LMD, wato lisans, masta da doktora, kowane zangon karatu yana da kiredi 30, ma'aunin nauyin darussa ke nan, lisans kuma tana cika ne da kiredi 180 a zango shida, amma darussan da ke cikin zangon nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ka ɗauki takarda guda ka jera darussanka, a gaban kowanne ka rubuta yawan kiredinsa, yawan babinsa da ranar da za a yi shi, sannan ka ƙirga kwanakin da suka rage ka raba su bisa nauyi. Abin da na fi gani shi ne ɗalibi ya ɓata mako biyu kan darasin da yake ƙauna alhali kiredinsa biyu ne kacal, ya bar mai kiredi shida saboda yana jin tsoronsa. Ƙa'idata a nan ba ta da sassauci: darasin da ka fi tsoro shi ne na bayan sallar asuba, tun ma ba a watannin Afrilu da Mayu ba, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 da rana, har ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe komai bayan azahar.

Daga nan sai ka nemi tsoffin tambayoyi wurin waɗanda suka gabace ka, na shekara uku ko huɗu idan sun samu, kuma ka karanta su tun kafin ka fara bita. A cikinsu za ka gane irin tambayar da malamin ya saba yi, ko bayyana ma'ana yake so, ko kwatanta abu biyu, ko dogon sharhi mai gabatarwa da rassa da kammalawa. Ban ga dalilin kashe jikkuna wajen mai fotokofi ba, tunda hoto da waya ya wadatar, kuma na san ɗakuna da yawa inda tarin takardun da aka biya kuɗi aka buga ke kwance ƙarƙashin katifa ba a taɓa buɗe su ba har aka gama jarrabawa.

Mataki na uku shi ne inda nake so a tsaya sosai. A shekarata ta farko na karanta kayen wani darasi sau biyar daga bango zuwa bango, na ja layi a ƙarƙashin jumloli har shafukan suka koma ja da shuɗi, kuma duk shafin da na buɗe sai in ji na san shi. Ranar jarrabawa na zauna a amfi, wato babban zauren lacca, takarda fara fat a gabana, ina tuna cewa amsar tana can sama a shafin hagu, kusa da wani ɗigon shayi da ya zuba, amma kalma ɗaya ta ƙi zuwa. Abin da ya faru shi ne ido ya saba da shafin, ni kuma na ɗauki wannan sabo na ido a matsayin sani. Abin mamaki, mafi yawanmu mun zauna a makarantar allo, kuma mun san malam ba ya barin almajiri ya wanke allonsa sai ya kife shi ya biya karatun da ka. Muna shiga jami'a sai mu watsar da wannan tsari, mu koma maimaita karatu ido na kan takarda.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun tabbatar da abin da malaman allo suka daɗe suna yi. Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyon abu, sannan ta riƙa lafawa. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a Amurka, sun gwada ɗalibai kashi biyu: masu maimaita karanta rubutu, da masu ajiye shi su gwada tuno abin da ke ciki. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne suka fi, amma bayan mako guda masu gwada kansu suka wuce su. Wannan ne ya sa maimaita karatu ke da daɗi kuma yake ruɗi, domin ribarsa a nan take ake ganinta, jarrabawa kuwa sai bayan kwanaki.

Ga yadda ake yi. Ka karanta sashe ɗaya na darasi, wanda bai wuce shafi uku ko huɗu ba, cikin natsuwa. Ka rufe kayen, ka sa shi inda hannunka ba zai kai ba sai ka tashi, wayar ma haka. Ka ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, ma'anoni da sunaye da shekaru da yadda hujja ta bi hujja, kuma idan ka kakare kada ka yi saurin leƙawa, ka daure minti biyu ko uku kana laluben abin, domin wannan laluben shi ne ke kafa shi. Sai ka buɗe kayen, ka ɗauki jan bik ka cike abin da ka manta, ka gyara abin da ka karkata. Jan rubutun nan shi ne ainihin karatunka na gobe, sauran kuwa ka riga ka mallake su. Ka sake gwada kanka a kan sashen washegari, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako guda. Ranar farko takardar za ta yi ja jawur har ka ji kunya, kuma a nan ne da yawa ke komawa tsohuwar hanya saboda ta fi sanyaya zuciya. Wata ƙanwata ta taɓa kawo mini takardarta tana cewa, "Yaya, wannan hanyar taka nuna mini take ban san komai ba." Na ce mata gara ta ji haka a ɗakinta, makonni biyar kafin jarrabawa, da ta ji shi a amfi.

Ga masu lissafi, kimiyya ko tattalin arziki, farar takardar ita ce sake yin aikin TD, wato atisayen da ake yi a aji tare da malami, ba tare da gyaran malamin a kusa ba, domin karanta gyara a gyaɗa kai ba ya koya wa hannu komai. Akwai kuma matsalar harshe da ba a cika faɗi ba: da yawanmu muna tunani da Hausa ko Zabarmanci, amma da Faransanci za mu amsa. Ka fara bayyana darasin da harshenka, da babbar murya, kamar kana yi wa wanda bai taɓa shiga lakkol ba bayani, kuma inda ka kasa, to nan ne ka haddace jumla ba ka fahimce ta ba. Bayan haka dole ka zauna ka rubuta cikakkiyar amsa da Faransanci, agogo a gabanka, aƙalla sau biyu ga kowane darasi.

Karatun rukuni yana da amfani muddin mutanen ba su wuce huɗu ba, kowa ya zo da tambayoyinsa a rubuce, ɗaya ya tashi gaban allo hannu wofi sauran su tsare shi da tambaya. Da zarar an hura gawayi an ɗora butar shayi, rukunin ya zama fada, saboda haka shayi sai bayan an tashi.

A makon ƙarshe ba a buɗe sabon babi, jajayen takardu da tsoffin tambayoyi kawai ake bi. Ka cika fitilarka da wayarka da caji tun da rana saboda ɗaukewar wuta. Daren jarrabawa ka kwanta, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya, kuma kwanan zaune da kofi da goro ya fi kawo rawar hannu da mantuwa, ƙwayoyin hana barci kuwa kada ka kusance su. Ka tanadi katin ɗalibi da bik biyu tun da dare, ka fita da wuri saboda cunkoson gada. Idan an raba takarda ka karanta dukkan tambayoyin kafin ka rubuta komai, ka raba lokacinka bisa makin kowace tambaya, ka fara da wadda ka fi sani, kuma kada ka kwafe cikakkiyar amsa a takardar gwaji, tsarin amsar kawai za ka zana a kanta. Jajayen takardun nan kuma ka adana su a wuri ɗaya har sakamako ya fito, domin idan wani darasi ya kai ka zama na biyu, wato sake jarrabawar darasin da ka faɗi, da su za ka fara.